Yadda Ake Jan Gilaida Zuwa Sama da Gilaida Mai Inji

Gilaida jirgi ne marar inji mai dogayen fukafukai, wanda ba ya tashi da kansa sai an kai shi sama. Hanya ɗaya ita ce a ɗaura shi da igiya a bayan jirgi mai inji, a ja shi har tsayin mita 400 zuwa 600, ya saki igiyar ya shiga neman iska mai hawa. An daɗe ana wannan aiki da jirage masu ƙarfi, irin su Piper Pawnee mai ƙarfin doki 235 da Robin DR400 mai doki 180. Yanzu ƙungiyoyin tuƙi da yawa a Turai, musamman a Jamus, suna ja da gilaida mai inji, wato jirgi mai dogayen fukafukai irin na gilaida amma da ƙaramin inji da farfela, kamar Scheibe SF 25 C Falke ko Diamond HK36 Super Dimona, masu ɗauke da injin Rotax 912 S mai doki 100, ko Rotax 914 mai turbo da doki 115. Ba sa shan mai sosai, suna amfani da fetur marar dalma irin na mota, ƙararsu ba ta damun maƙwabtan fili, kuma ranar da babu ja ana koyar da ɗalibai da su.

Sai dai fa ƙarfin da ke saura bayan jirgin ya ɗauki kansa kaɗan ne. Pawnee yakan rufa wa matuƙi asiri idan lissafinsa bai cika ba. Jirgi mai doki 100 ba ya yin haka. Duk matakan da ke ƙasa daga wannan ƙarancin suka taso.

Takardu tukuna

Ba kowane gilaida mai inji aka yarda ya yi ja ba. Dole ƙugiyar ja ta kasance cikin abin da hukuma ta amince da shi ga wannan jirgin, kuma littafin jirgin yana da ƙarin babi na ja. A wannan babin za ka ga nauyin gilaida mafi girma da za a ja, ƙarfin mahaɗin igiya (ɗan ƙarfen da ke tsinkewa idan ja ya yi yawa), tsawon igiyar, gudu mafi ƙanƙanta, da jadawalin tsawon titin da ake buƙata. Duk lambar da ke cikin wannan rubutu, idan ta saɓa wa littafin jirginka, littafin ne gaskiya.

Shi ma matuƙi yana buƙatar izinin ja a lasisinsa. A ƙa'idar Tarayyar Turai, sai ya cika awa 30 yana shugabancin tuƙi da tashi da sauka 60 a irin jirgin bayan samun lasisi, sannan ya yi darasin ja sau 10, aƙalla 5 daga ciki tare da malami. Wanda ba matuƙin gilaida ba kuma sai ya zauna a cikin gilaidan da ake ja sau 5, don ya ga yadda abin yake daga bayan igiya. Domin izinin ya ci gaba da aiki, ana son ja 5 cikin wata 24.

Lissafin nauyi da tsawon titi

Fara da nauyin abin da za ka ja. Gilaida samfurin K 8 mai kujera ɗaya bai wuce kilo 310 ba. ASK 21 mai kujera biyu yana kai kilo 600. Gilaidan gasa da aka cika wa fukafukai da ruwa yana iya ƙara kilo ɗari ko fiye a kan nauyinsa na jiya, alhali a ido shi ne dai. Saboda haka tambayi matuƙinsa kai tsaye: mutum nawa, ruwa lita nawa.

Ga dalilin da ya sa kilo ke da muhimmanci haka. A tafiya miƙaƙƙiya, gilaida mai kilo 600 yana jan igiya da abin da bai fi kilo 20 ba, domin jikinsa sumul ne. Amma ɗaga kilo 600 mita 2 a kowace daƙiƙa yana cin kusan doki 16, ban da asarar farfela, ban da ɗaga jirgin jan kansa. Daga doki 100 ake cire duk wannan. Shi ya sa ake barin kujerar fasinja babu kowa, kuma ba a cika tanki maƙil: lita 40 na fetur kusan kilo 29 ne. Zuba abin da zai ishi ja uku ko huɗu tare da ajiyar da doka ta ce, ka dawo ka ƙara.

Sai tsawon titi. Jadawalin littafi yana ba da nisan da ake buƙata kafin a tsallake shinge mai mita 15, yawanci a busasshen fili da yanayi madaidaici. Hukumar jiragen sama ta Birtaniya tana ba da shawarar ƙari kamar haka: busasshiyar ciyawa kashi 20 cikin ɗari, jiƙaƙƙiya kashi 30, kowane ƙarin zafi na digiri 10 kashi 10, kowane tudun fili na ƙafa 1000 sama da teku kashi 10, titi mai hawa da kashi 2 shi ma kashi 10. Ba tara su ake yi ba, ninkawa ake yi, sannan a ninka jimillar da 1.33 don kariya. A misali, idan littafi ya ba da mita 500 a kan kwalta, kai kuma kana kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da zafin da ya ɗara na jadawalin da digiri 20, to 500 sau 1.3 ya zama 650, sau 1.21 ya zama 787, sau 1.33 ya kai kusan mita 1050. Fili mai mita 900 da ya isa da sanyin safiya bai isa ba da azahar. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 na ƙarfinsa a kowane hawa na mita 300, zafi kuma yana ƙara siranta iskar. Mai turbo yana riƙe ƙarfinsa, amma farfela da fukafukai duk da haka a siririyar iska suke aiki.

Idan lissafi bai fita ba, a zubar da ruwa, ko a rage mutum, ko a jira yamma.

Igiya, zobe da mahaɗi mai rauni

Igiyar da aka saba da ita tana tsakanin mita 40 zuwa 60. Zaɓi mai tsawon. Gajeriyar igiya tana rage wa matuƙin gilaida lokacin gyara kuskure, kuma ɗan hawan da ya yi sai ya zama babbar kusurwa a wutsiyar jirgin ja. Bi igiyar da hannu daga farko har ƙarshe kowace safiya. Inda ta goge a kwalta ta yi gashi, yanke ka sake saƙawa. Ƙulli guda yana iya rage ƙarfinta da kusan rabi, kuma igiya takan ƙulle kanta idan an yar da ita daga sama, don haka mai haɗawa ya duba kafin kowane tashi.

A bakin igiya akwai zobba biyu na kamfanin Tost, ƙaramin shi ke shiga ƙugiya. Kada a sa zoben da aka yi walda a gida ko guntun sarƙa, domin yana iya maƙalewa daidai lokacin da ake son ya fita. Kusa da zoben akwai mahaɗi mai rauni, ɗan fallen ƙarfe da aka yi shi don ya tsinke kafin jikin jirgi ya lalace, kamar fis a wayar lantarki. Na Tost launinsu ke nuna ƙarfinsu: kore 300 daN, rawaya 400, fari 500, shuɗi 600, ja 750, ruwan ƙasa 850, baƙi 1000. Kowane daN kusan nauyin kilo ɗaya ne. Ƙananan jiragen ja suna amfani da na ƙasa-ƙasa, kuma littafinsu ya faɗi wanne. Igiyar da aka tanada don Pawnee, ko mahaɗin da ake harba gilaida da injin naɗi daga ƙasa, ba na wutsiyar Falke ba ne. Idan ramin da ke tsakiyar fallen ya miƙe ya daina zama zagayayye, ya riga ya sha wuya, a canza shi.

Gwada ƙugiyar jirgin ja da ta gilaida da safe: mutum ɗaya ya ja igiyar da ƙarfinsa, matuƙi ya ja maɓallin saki, zobe ya fita nan take. Tost na son a kai ƙugiya gyaran masana'anta bayan tashi 2000. Wasu jiragen suna da injin naɗe igiya a cikin jiki. A irinsu ba a sakin zobe, wuƙa ce ke datse igiyar, sai a tabbatar wuƙar ba ta yi tsatsa ba kuma hannunta yana inda yatsa zai same shi ba tare da an duba ba.

Shirya injin

A injin Rotax, kafin a auna baƙin mai ana juya farfela da hannu ta hanyar da take juyawa, makunnai a kashe, har a ji tankin man ya yi gurnani. In ba haka ba sandar awo ƙarya za ta yi maka. Bayan an tayar, kada a buɗe totur gaba ɗaya sai zafin baƙin mai ya kai digiri 50. Farfela mai canza kusurwa a sa ta a matsayin tashi, ƙofar iskar inji a buɗe, famfon mai na lantarki a kunne, na'urar ɗumama kafireto a kashe, birkin iska (allunan da ke fitowa a kan fukafukai don sa jirgi ya sauko) a rufe kuma a kulle. Daidaita madubi yadda za ka ga fukafukan gilaidan biyu.

Yarjejeniya kafin a haɗa igiya

Matuƙan biyu su yi magana, ko ta rediyo ko baki da baki. A tsayar da gudun ja. Tsofaffin gilaida na katako da yadi suna jin daɗi a wajen kilomita 100 zuwa 110 a awa, na zamani 110 zuwa 120, masu ruwa kuma 120 zuwa 130 ko fiye. Gilaida mai inji ya fi hawa da kyau a gudun da ya gaza wannan, kuma a nan jarabar take: matuƙin ja yana ganin hawa ya yi rauni sai ya ɗaga hanci, na baya kuma ya ji sandar tuƙinsa ta yi laushi. Gilaidan da ke bayan igiya yana tafiya cikin iskar da fukafukan na gaba suka danna ƙasa, don haka yana buƙatar gudun da ya fi wanda yake tashi da shi shi kaɗai. Idan ya roƙi ƙarin kilomita 10, a ba shi, ko da hawa zai ragu.

A kuma tsayar da wurin fasa tashi: wata alama a gefen titi, tuta ko mahaɗar hanya, wadda idan an kai ta ba a bar ƙasa ba za a saki igiya. A faɗi wanda zai kauce hagu da wanda zai kauce dama. A tambayi ƙugiyar da gilaidan zai yi amfani da ita. Ta hanci ita ce ta wannan aiki. Ta ciki, wadda ke kusa da taya, tana sa gilaida son ɗaga kai, kuma bai kamata sabon matuƙi ya bi ƙaramin jirgin ja da ita ba.

Tashi

Jera jiragen biyu a layi ɗaya daga ƙarshen titi, kada a bar ko mita 50 a baya. Idan an ba da alamar miƙe igiya, tafi a hankali kamar tafiyar ƙafa har ta miƙe. Fizga a nan tana sa gilaida ya gangaro ya taka igiyar, ta naɗe a tayarsa, kuma igiyar da ta naɗe a taya ba ta sakuwa. In haka ta faru a tsaya, a kwance, a sake.

Da alamar tafiya ta zo, tura totur gaba ɗaya cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, ka leƙa agogon inji ka tabbatar ya ba da cikakken zagaye. Gudu zai taru a hankali, kuma iskar farfela ba ta kai ta manyan jirage ba. Ma'ana gilaidan zai daɗe a gudun da allunan bakin fukafukansa, waɗanda ke daidaita karkatarsa, ba su fara kama iska ba. Mai riƙe fiffike ya yi gudu da shi fiye da yadda ya saba, ba tare da ya riƙe shi baya ko ya tura shi ba. Hannun hagu na matuƙin gilaida ya kasance a kan rawayan maɓallin saki. Fiffike ya taɓa ƙasa, musamman a doguwar ciyawa, saki kawai, kada a tsaya gwada ɗaga shi.

Ga babban bambancin ja da gilaida mai inji. A bayan Pawnee, gilaida ne ke fara barin ƙasa ya jira. Falke da Dimona kuwa fukafukansu dogaye ne, sama da mita 15, kuma suna tashi a ƙaramin gudu. Idan abin da ke baya mai nauyi ne, jirgin ja na iya tashi tare da shi ko ma kafin shi. Matuƙin da ya fara hawa nan take zai bar gilaidan a ƙasa da shi, cikin hargitsattsiyar iskar bayansa, ba shi da gudun da zai biyo. Abin yi shi ne: bayan tayoyi sun bar ƙasa, riƙe jirgin mita ɗaya zuwa biyu sama da titi, bar gudu ya taru har ya kai wanda aka yi yarjejeniya, duba madubi ka ga gilaida ya tashi, sannan ka ɗaga hanci sannu a hankali. Wannan riƙewar tana cin titi, shi ya sa lissafin farko ba wasa ba ne.

Idan gilaidan ne ya riga tashi, ya zauna ƙasa-ƙasa, bai fi tsayin wutsiyar jirgin ja ba. In akwai iskar gefe, ya karkata hancinsa cikinta ya tsaya a kan layin tsakiya. Idan ya bari ta kwashe shi, zai ja wutsiyar jirgin da har yanzu ke ƙasa zuwa gefe, hancin jirgin ja ya juya cikin iska, kuma ƙaramin jirgi ba shi da nauyin da zai yi gardama.

Idan an fasa tashi, matuƙin ja ya saki igiya amma kada ya taka birki da ƙarfi. Akwai jirgi a bayansa da ba ya tsayawa da wuri. Ya ci gaba ya kauce gefen da aka faɗa.

Hawa

A gudun kilomita 110 a awa, wato kusan mita 30 a daƙiƙa, da hawan mita 2 a daƙiƙa, kowane mita ɗaya na tsayi yana cin mita 15 na nisa. Kafin a kai mita 60 an yi tafiyar mita 900. Idan aka miƙe haka aka kuma shiga iska mai sauka, za a tsinci gilaida nesa da fili kuma ƙasa-ƙasa, inda tsinkewar igiya ba ta bar masa hanyar dawowa ba. Don haka a san filayen da ke gaban titi tun kafin a tashi, kuma da an sami tsayin da ya dace a fara juyawa a hankali, ana hawa kusa da fili ta ɓangaren da iska ke fitowa. Karkatar juyi kada ta wuce digiri 15 zuwa 20, a shiga a hankali a fita a hankali. A bi ƙarƙashin gizagizai masu tasowa da gefen tudun da iska ke bugawa, domin iska mai hawa tana iya ninka hawan ƙaramin jirgi.

Injin Rotax an yarda ya yi zagaye 5800 a minti na minti biyar kacal, bayan haka 5500. Hawa zuwa mita 600 a mita 2 cikin daƙiƙa minti biyar ne cif, don haka a rana mai zafi za ka kai iyakar kafin ka kai tsayin. Ja totur ko farfela baya a kan lokaci. Ido a kan zafin baƙin mai da na ruwan inji: cikakken ƙarfi a ƙaramin gudu shi ne yanayin da inji ya fi wahala. Allura ta doshi ja, sauke hanci ka ƙara gudu kilomita 10, in bai sauka ba ka sanar da na baya cewa za a saki da wuri.

Matuƙin gilaida ya riƙe jirgin ja a wuri ɗaya a gilashinsa, shi kuma yana ɗan sama da hargitsin iskar farfela. A Ostireliya an fi zama ƙasa da hargitsin. Kowanne aka zaɓa, a faɗa tun a ƙasa.

Haɗarin da ya fi kashe matuƙan ja

Idan gilaida ya haura sama da jirgin ja da sauri, igiya takan ɗaga wutsiyar na gaba, hancinsa ya dubi ƙasa. Abin yana ciyar da kansa: gilaidan yana ƙara ɗaga kai, gudunsa na ƙaruwa, jan igiya na ƙaruwa, jirgin ja na rasa gudu. Duka cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Mahaɗi mai rauni ba koyaushe yake tsinkewa kafin wutsiya ta ɗagu ba, kuma jirgin da hancinsa ya kife a mita 100 sau da yawa ba shi da sararin miƙewa. Gilaida mai inji da bai kai kilo 800 ba ya fi saurin ɗaguwa a kan Pawnee.

Abubuwan da ke haɗuwa su jawo shi sanannu ne: ƙugiyar ciki, gajeriyar igiya, matuƙi marar nauyi a gilaida marar nauyi, iska mai tangal-tangal, da ɗauke ido. Mafi yawa ɗauke idon ne, ana rufe tagar iska, ana gyara rediyo, ko murfin gilashi ya buɗe an kai hannu. Ƙa'idar na baya guda ce: jirgin ja ya ɓace maka daga gani, saki nan take, kada ka neme shi. Ta na gaba ma guda ce: ka ji hanci na sauka kana jan sanda baya ba ya amsawa, saki, kada ka jira sandar ta kai ƙarshe. Har a wuce mita 300 hannunka ya san hanyar maɓallin.

Alamomi idan rediyo ya ƙi

Jirgin ja ya kaɗa fukafukai hagu da dama: gilaida ya saki yanzu, babu tambaya. Ya kaɗa allon wutsiya: duba jirginka, galibi birkin iska ne ya buɗe. Buɗaɗɗen birkin iska a bayan doki 100 yana iya cinye hawan gaba ɗaya, don haka idan inji lafiya amma ba a hawa, madubi za a fara dubawa. In akwai tsayi, kira ta rediyo kafin alama, domin matuƙin da ya rikice yakan ɗauki kaɗa wutsiya a matsayin umarnin saki. Gilaidan da ƙugiyarsa ta ƙi buɗewa yakan fita gefen hagu ya kaɗa fukafukai. Sai a kai shi saman fili a sake shi daga gaba, shi kuma ya sauko da tsayi a kan shinge saboda igiyar da ke reto a ƙarƙashinsa.

Saki da dawowa

Matuƙin gilaida ya duba sarari, ya ja maɓalli, ya ga igiya ta tafi da idonsa, sannan ya juya. A wurare da yawa gilaida dama yake yi, jirgin ja hagu. Kai na gaba kada ka dogara da jin sauƙi a jiki. Igiyar da ta yi sako-sako ma haka take ji. Tabbatar a madubi ko ta rediyo kafin ka sauke hanci.

Rage totur a hankali, rufe ƙofar iskar inji, buɗe birkin iska cikin iyakar gudun da littafi ya yarda. Kawunan silindar Rotax ruwa ke sanyaya su, don haka ba sa tsagewa da saurin sanyi kamar na injinan da iska kaɗai ke sanyayawa, amma jikin silindar iska ce, kada a rufe totur gaba ɗaya daga cikakken ƙarfi. Duba sama da ƙasa sosai, domin kana saukowa ta inda gilaidoji ke kewaya.

In akwai injin naɗi, naɗe igiyar ka tabbatar ta shige. In babu, tuna cewa mita 50 na igiya da ƙarfe a bakinta suna rataye a bayanka, kuma ƙaramin gudu yana sa ta ƙara yin ƙasa. Tsallake shinge, hanya da wayoyin wuta da tsayin da ya fi tsawon igiyar, ka yar da ita a gefen titi inda babu mutum ko jirgi, ko ka sauka da ita can cikin fili idan dokar wurin ta yarda. Injin mai turbo a bar shi ya yi aiki a ƙaramin zagaye na minti biyu kafin a kashe, don kada baƙin mai ya ƙone a cikin turbon. Kafin ja na gaba a sake duba mai a tanki, zafin rana, da nauyin gilaidan da ke kan layi.